Zabiyar da Ta Daina Amsa Gaisuwa

Zalika ba ta gaji waƙa ba. Ubanta manomin gero ne a Dumega, uwarta kuwa ko guɗa ba ta iya ba. A bakin turmi aka fara jin ta tun tana ƴar budurwa. In mata sun taru sussuka a bayan gari ita ke ba da waƙa su amsa, har masu ɗaurin dami a gonakin nesa su san yau gidan wane ake aiki. Abin da aka yabe ta da shi tun farko ke nan, nisan murya. Ba wanda ya taɓa ce mata muryarta da daɗi, cewa ake yi tana kaiwa nesa. Ita ma sai ta ɗauka waƙar ke nan: a buɗe maƙogwaro a tura, har jijiyoyin wuya su tashi.

Aure ya kawo ta Dogon Dutsi. Mijinta Idris magini ne, rabin shekara yana Kwatano wajen aiki. Da iyayenta suka rasu ta ɗauko autansu Luƙman, yana ɗan ƙarami, ta riƙe shi. A nan ta haɗu da Tukur mai kalangu, suka shiga bin bukukuwa, yau Ɗan Kassari, jibi Dogon Kiriya, wani lokaci a taksin daji, wani lokaci a amalanken jaki. Da waƙar nan ta kai Luƙman lakwal, wato makarantar boko, da ita kuma ya samu abin da ya buɗe shagon sayar da salula da gyaranta kusa da tasha.

Da aka fara haya mikoro da manyan lasifiku a gidajen biki, Zalika ba ta sake komai ba. Tana riƙe mikoron can nesa da baki kamar wadda aka ba ajiya, ta ci gaba da ihunta, yanzu ma da ƙari, don sai ta rufe ƙarar injin wuta. Ruwa kuwa ba ta sha in za ta wasa, don ba ta son tashi neman bayan gida a gidan mutane ana tsakiyar rawa. In murya ta dushe ta tsotsi kanwa, ta tauna citta, ta yi ta kakarin maƙogwaro. Daga baya ta gano wata ƴar ƙwaya wurin masu tallar magani a kasuwa, wadda ke buɗe murya na yini guda. Washegari muryar ta fi da rufewa, sai ta ƙara wata.

A wani biki na ƙarshen rani, a Ɗan Kassari, ta zo wurin da takan ɗaga murya ta kira sunan uwar ango, sai iska kawai ta fito. Tukur ya yi maza ya rufe wurin da kiɗa. Ta ce wa mutane mura ce.

Daga baya ta je asibiti. Majon da ta duba ta, wato babbar ma'aikaciyar jinya, mace ce, ana ce mata Bushira. Ta haska maƙogwaron, ta tambayi sana'arta, ta sa ta fito da ƙwayar daga haɓar zani. Ta ce wurin da murya ke fita ne ya kumbura don wahala, kuma ƙwayar ɓoye ciwon take yi ba warkar da shi ba. Ta ce ta yi shiru ɗungum na ɗan lokaci, bayan nan ta riƙa magana kaɗan-kaɗan a hankali. Ta yawaita shan ruwa, ta bar kakari, ta nisanci hayaƙin murhu. In bai saki ba sai an tura ta Yamai a leƙa da na'ura. Zalika ta matso ta yi tambaya da raɗa, don a ganinta ta fara bin doka.

"Raɗar nan ma ki bar ta," in ji majo. "Ba hutu ba ce, matse maƙogwaro take. Ko ki yi magana sosai a hankali, ko ki yi shiru."

Shirun ba shi ne mai wuya ba, dalilinsa ne ba ya faɗuwa. Zabiyar da aka ji muryarta ta mutu, kafin kaka an raba bukukuwanta ga wasu, kuma akwai ƴan mata biyu masu waƙa a gari da ke jiran wannan labari. Ga kuma babban biki a Dumega bayan an cire amfanin gona, wanda aka riga aka yi mata magana. In ta tsaya gaban mutanen garinsu muryar ta ƙi fita, ta san ta gama. Saboda haka ta ƙudura ba mai jin abin da majo ta ce. Sa'arta ɗaya damina ta faɗi, kowa na gona, ba a biki.

Amma a Dogon Dutsi mace ba ta isa ta je famfo ta dawo ba tare da ta amsa kwana da gajiya da gida da yara a kowace ƙofa ba. Zalika ta koma dafa ƙirji tana sunkuyar da kai. Kafin mako ya zagayo kowa ya ba shirun ma'anar da ta yi masa. Maƙwabta suka ce girman kai ne. Wasu suka ce Idris ya aiko da mugun labari daga Kwatano.

Gwaggo Adama, ƙanwar ubanta, ta taso takanas daga Dumega. Ta zauna ta ƙura mata ido, ta ce ita ta san wannan, aljana doguwa ce ta ɗaure bakin, tun kakarsu ake fama da ita a gidan, a kira masu goge a ji abin da take so. Zalika ta girgiza kai da ƙarfi.

"Kun gani ko?" in ji Gwaggo, ta juya ga matan gidan. "Ba ita ta girgiza kan ba."

Luƙman ne ya zo a ƙarshe. A lokacin ya zama cikakken mutum, da gemu da wando iya ƙwauri, yana cikin samarin ƴan kasuwa da suka gina masallacinsu a bayan tasha. Ya yi shekaru yana roƙon ta bar waƙa. Da ta ƙi, ya rage zuwa, sai ran Juma'a ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gaisuwa ya wuce. Yana da karatu mai kyau, kuma yana son a riƙa ba shi salla in liman ya yi tafiya, amma duk lokacin da aka kawo sunansa sai wani ya tuna cewa ƙanen zabiya ne. Ran nan ya shigo har tsakar gida, ya zauna a tabarmarta, ya daɗe yana kallon ta.

"Yaya, kin bari ne?"

Zalika ba ta ɗaga kai ba, ba ta girgiza ba. Ƙasa ta duba. Luƙman ya yi hamdala a hankali, idonsa ya cika da ƙwalla.

Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya rufe shago ya zo. Ya kawo zuma. Ya ga tana kare fuska daga hayaƙi, ya kawo mata murhun gas. Lokacin da majo ta yanka na shiru ɗungum ya wuce, Zalika ta sani, ta ji kumburin ya saki, amma ta ƙara kwanaki ba ta buɗe baki ba. Takan ce wa ranta don muryar ta ƙara hutawa ne. Gaskiyar ita ce rabon da yaron nan ya zauna kusa da ita har ta ji ƙamshin turarensa tun kafin ya tsayar da gemu, kuma ta san kalma ɗaya za ta iya mayar da shi bakin ƙofa. Takan kuma ce ai ba ta yi ƙarya ba, tunda ba ta ce komai ba.

Da ta fara magana ƙasa-ƙasa, sai ya ce lokaci ya yi da za ta gyara karatunta, yadda nan gaba za ta iya jan mata a makarantar Islamiyya. Ya fara da Fatiha. Tana buɗe baki ya tsayar da ita. Ya ce tana jan numfashi da kafaɗa kamar mai ɗaukar tulu. Ya sa ta dafa cikinta, ta ja iska har hannun ya motsa, kafaɗu na nan inda suke. Ya ce haka malamin da ya koya musu tajwidi ya yi musu. Ya nuna mata gunna, wato sautin da ake riƙewa a hanci baki a rufe, ya ce ta bi shi har ta ji fuskarta na ɗan kaɗawa. Ya hana ta matse iskar ƙarshe don ta kai ƙarshen aya: in numfashi ya kusa ƙarewa a tsaya inda ya dace, a sake ja.

Ta yi gunnar, ta ji sauti ya fito cikakke, maƙogwaro bai yi zafi ba. Shekara da shekaru tana waƙa ba ta san murya na iya fita ba tare da an biya ta da ciwo ba. Karatun ta riƙe shi da gaske, sallarta ta gyaru. Amma da hantsi, in matan gida sun tafi gona, sai ta zauna a ɗaki ta ɗauko waƙoƙinta ɗaya-ɗaya. Ta sauke su ƙasa da inda ta saba ɗauka. Ta yanka dogayen baitoci a sababbin wurare don ta samu numfashi. Wurin kiran sunan uwar ango, inda muryar ta mutu a Ɗan Kassari, ta yi ta maimaita shi daga ciki har ya zauna.

Shi ma Luƙman ba duka ya faɗa mata ba. Tun makon farko ya ba da labari a masallaci cewa yayarsa ta tuba, an yi masa barka, har an fara ba shi sallar azahar. Kuma ta lura, in tana gunna ta ɗan karkata sautin ba da niyya ba, babban yatsan ƙafarsa na motsi a kan tabarma. A bayanta ya girma, waƙoƙin nan da su ya yi barci.

Aka yanke gero, aka ɗaure dami. Tukur ya aiko cewa an tsayar da ranar Dumega. Ana gobe tafiya Luƙman ya zo kamar kullum, ya tarar da ita tana ninke zannuwan fita.

"Gobe za ni Dumega," ta ce.

"Gaisuwa?"

"Biki."

Ya ce, "Yaya, na gaya ma mutane kin bari."

"Ni ban ce maka na bari ba, auta."

"Ba ki ce komi ba."

"To. Kai ka cika sauran."

Sai ta gaya masa abin da majo ta ce, da ƙwayar, da Ɗan Kassari. Ya tambaye ta ko karatun ma don waƙa ta karɓa. Ta ce karatun na Allah ne kuma tana nan da shi, numfashin kuwa nata ne, ba ta ga inda aka rubuta na wane aiki ne ba. Maganar lakwal da shago ta zo mata har bakin harshe, ta haɗiye. Ta san in ta fara muryarta za ta tashi, kuma gobe tana da aiki. Ya tashi ya sa takalmi ya fita ba sallama.

A Dumega ta ce wa Tukur ya sassauta hannu. Ta ajiye butar ruwa kusa da ƙafarta. Ta kawo mikoro dab da baki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fara ƙasa-ƙasa ta bar lasifika ta yi aikin kaiwa nesa. Da farko matan suka tsaya kallon juna, wata ta ce ba ta kai kamar da ba. Ta zo wurin uwar ango, ta ja iska har zaninta ya matse a ciki, ta kira sunan, ya fita sumul. Aka yi guɗa, fili ya cika. Da aka tashi wata tsohuwa da suka yi sussuka tare da uwarta ta kama hannunta ta ce yau ne ta fara jin kalmomin waƙar, ashe ma muryarta da daɗi. Gwaggo Adama kuwa ta bi mutane tana faɗin baƙar kazar da ta yanka wa doguwa ba da sanin kowa ba.

Luƙman ya ɗauke ƙafa har aka gama bukukuwan kaka. A masallaci aka koma ba wani sallar azahar. Wata Juma'a sai ga shi a bakin ƙofa, bai shigo ba. Bayan gaisuwa ya ce wani ya kawo gyaran salula, akwai bidiyon Dumega a ciki.

"Kina ɗaga kahwaɗa a baitin ƙarshe," ya ce. "Kin koma jan iska da sama."

"Ka kalla har ƙarshe ke nan."

Ya ce lasifikar salular yake gwadawa. Ya ajiye kwalbar zuma a kan dakali ya tafi.

Har yanzu Zalika na waƙa. Ba ta karɓar biki biyu a jere, ko wa ya roƙa, kuma ta bar ƙwayar kasuwa. Luƙman bai fasa cewa waƙa ba ta halatta ba, bai kuma koma zama a tabarmarta ba, amma zumar ba ta yanke ba. Duk shekara in ruwan farko ya sauka takan rufe baki na ƴan kwanaki. Matan famfo sun saba. In baƙuwa ta gaishe ta ta ga ta dafa ƙirji kawai, sai wata ta ce mata kada ta damu, Zalika ce, tana gyaran murya.