Lamba ɗaya, mata bakwai: yadda na goge Inna Habsu ta Dareta

Ku daina cewa matan ƙauye ba sa neman aiki ta intanet don ba su waye ba. Kullum sai na ga wani ya rubuta haka a nan, har da dariya. Suna nema, suna cike fom har ƙarshe. Mu masu riƙe da kwamfuta ne muke zubar da su. Na san haka don ni, Sufyanu, da yatsana na zubar da Inna Habsu.

Inna Habsu 'yar Dareta ce, ta haura hamsin, ƙuli-ƙuli take sayarwa. A 2010, lokacin da gubar dalma ta dinga kashe yara saboda dutsen zinari da ake dakawa cikin gidaje, ta rasa ɗanta na uku, bai cika shekara biyu ba. A turmin da take daka hatsi aka daka dutsen. Tun daga nan ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. In ta shiga gida ta ga buhun dutse a tsakar gida, sai ta zauna a kansa ta ce ba ta tashi sai an fitar da shi. Namiji ya dawo daga ramin haƙar zinari da ƙura a jiki ya miƙa hannu zai ɗauki ɗansa, sai ta aika shi wanka. Maza suka sa mata suna Sufeto, tana amsawa. Shekara goma sha huɗu tana wannan.

Bara wata ƙungiya, ba zan faɗi sunanta ba, ta ce za ta ɗauki mata ashirin masu wayar da kai a Anka da Bukkuyum da Gummi, da alawus duk wata. Wato aikin Inna Habsu ne aka yi wa riga da kati. Ni ina da shagon buga takardu a Anka, a waya na koyi kwamfuta, ba wanda ya zaunar da ni a aji. Suka ba ni aikin haɗa fom, in tara sunaye, in tace, in tura masu. Shugaban aikin ya ja min kunne cewa mutane na maguɗi, mutum ɗaya sai ya cike sau biyar.

A Dareta, Malama Esther, ma'aikaciyar lafiya da ta zo daga Filato, ita ce mai babbar waya. Mata bakwai suka bi ta kan wani tudu inda sabis ke kamawa. Ba mai wayar kanta a cikinsu, ta mazan kuwa tana rami tare da su, don haka duk suka sa lambar Esther. Inna Habsu ta ce masu goyo su fara, rana ta yi zafi. Fatiha, wadda ita Inna ta koya wa aikin, ta cike farko. Inna ta cike ƙarshe.

Ni kuma a shago na ga sunaye sama da ɗari huɗu. Akwai wani wuri a kwamfuta da kake dannawa, duk layin da ya maimaitu sai ya bar na farko ya share sauran. Na ce ya duba lambar waya, na danna. Ko ƙiftawar ido bai kai ba. Na zo nan na rubuta: "Masu cike fom sau bakwai da sunaye kala-kala, kwamfuta ta fi ku wayo." Wasunku sun yi min tafi.

Bayan sati uku Esther ta kira ni.

"Malam Sufyanu, saƙon intabiyu ɗaya ya shigo wayata, na Fatiha. Na ce ko sabis ne, na yi ta hawa tudu. Yau har sun fara horo. Ina sauran shida?"

Na buɗe fayil ɗin tana kan layi. Na ce zan kira ta, na kasa. Washegari na hau mashin zuwa Dareta.

Na samu Inna tana murza ƙuli. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ni na cire sunanki."

Ta dube ni. "Mi na yi maka, ɗana?"

Na yi mata bayanin lamba da maimaici, ina ta in-ina.

"To ita kwamfutar ba ta ga sunayen sun bambanta ba?"

"Ba a ce mata ta duba suna ba, Inna."

"Wa ke ce mata?"

"Ni."

Ta ɗan yi dariya. "Ashe dai mutum na. Ni ina nan ina jin haushin ƙarhe." Ta turo min kwanon ruwa. "Sha, ka sha hanya."

Ban gama sha ba Fatiha ta yi sallama, sanye da rigar ƙungiyar, katinta a wuya. Ta ce, "Inna, gidan can sun sake shigo da buhu, mai gidan ya ce in tahi in ba shi wuri." Inna ta goge hannu, ta jawo hijabi. "Mu tahi, Malama mai kati, in zauna maki bisa buhu." Suka fita, Fatiha a gaba, ita a baya. Ni ina zaune da kwano a hannu, na rasa inda zan sa idona.

Na je ofishin ƙungiyar na faɗi abin da na yi. Shugaban ya ce mata shida ba za su sa a rushe jerin sunaye ba, amma za a ɗauki rukuni na biyu bayan damina, in ina da shaidar abin ya wuce haka in kawo. Na koma fayil. Layi hamsin da uku na share. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya: mai kemis a Gwashi, malamin firamare a Adabka, mai cajin waya a wani ƙauyen Gummi. Mutum huɗu kacal ne suka cike sau biyu da gaske.

Na bar wancan rubutun nawa na fariya, ban goge ba, ku je ku gani. Yanzu saura ku. In kin cike fom ɗin nan da lambar wani aka yi shiru, ko kai ne mai wayar da aka ara, ku rubuta sunan garinku a ƙasa kafin ruwa ya ɗauke, don da shi zan koma ofishin. Ku kuma masu shagon kwamfuta irina da kuka taɓa danna wurin nan, na san kuna karantawa. Ku buɗe fayilolinku, ku faɗa mana mutum nawa kuka share.