Batiran da Kaka ta tayar

Duk inda na ji esi mai sanyaya ɗaki yana ɗiga, ɗis, ɗis, a kan kwanon rufi ko cikin bokiti, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Kai da kake karantawa wataƙila ruwan banza ka ɗauke shi. Ni kam na taɓa tare shi da roba kwana biyu cur, ina gadinsa kada wani ya zubar.

Ina da shekara tara lokacin. Muna zaune a unguwar Deira ta Dubai, hawa na uku, a gidan da warin kwali da na hulba ba sa barin matattakalarsa. Baba malamin ofis ne a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya. Kaka, mahaifiyar Mama, ta zo daga Maraɗi neman maganin asma, ta yi kusan wata uku daga asibiti sai gida. Matar da ta tashi a bakin gona, ga ta a ɗakin da ko taga ba a buɗewa. Ba ta cika ƙorafi ba. Abu ɗaya ta roƙa: kafin bizarta ta ƙare a kai ta inda za ta taka ƙasa da tafin ƙafarta, ta yi salla a kan rairayi.

Baba yana da wata tsohuwar mota mai ɗaki da ya saya wurin wani Bature mai komawa gida. Akwai gado a ciki, da fanka, da ɗan firji, da wurin jona kayan wuta. Waɗannan duka ba batirin inji ke ba su wuta ba, batira biyu ne manya a ƙarƙashin kujera, su ne na ɗakin. Mama ta ce ta yarda a je daji, amma da sharaɗi: na'urar da Kaka ke shaƙar magani da ita idan ƙirji ya tashi, dole ta yi aiki a motar. In ba haka ba, kalas, babu mai motsawa.

Aka jona na'urar don gwaji. Ta yi gurnani minti biyu ta mutu.

Baba bai damu ba. Ya ce ai inji ne ke caja su idan ana tafiya, motar ce ta daɗe a ajiye. Ya ɗauke ta ya yi ta zagaye, har Sharja ya je ya dawo, ya ƙone mai a banza. Aka sake gwadawa, minti biyar. Ya je wurin masu batir, suka ce irin wanda zai shiga wannan gurbin sai an yi oda, kwana goma. Jirgin Kaka kuwa saura kwana takwas. Ranar sai na ji kuka yana zo mini.

To ka san tsakanin suruka da mijin 'yarta. Wata uku suna gida ɗaya, gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma kai a sunkuye. Saboda haka ni Kaka ta kira.

"Ƙawata, je ki tambayi babanku, ya buɗe murafen ya leƙa ciki?"

Baba ya ce waɗanne murafe. Da na kawo mata amsar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ashe marigayi kakanmu cajin batir ne sana'arsa, shekara talatin, kuma shagon a zauren gidansu yake. Ita ke tara masa ruwan sama da damina, ita ke kula da batiran mutane idan ya tafi masallaci. Ko Mama ta manta da wannan, don ta tashi ne a gidan gwaggonta.

Kaka ta yafa mayafi ta sauko hawa ukun nan tana hutawa. Aka sa mata kujera a ƙofar motar. Baba ya kwance murafen, ya haska tocila. Ƙaf! Zafin Dubai ya shanye ruwan, farantan ciki sun fito fili. Nan take ya ɗauko jarkar ruwan famfo. Wallahi ban taɓa ganin Kaka ta yi saurin kama hannuna irin na ranar ba. Ta ce in gaya masa ruwan famfo akwai gishiri a ciki, shi zai ƙarasa kashe su. Baba ya ce to bari ya sayo na kwalba a gidan mai. Ta ce ita ba ta san abin da suka zuba a kwalba ba. Ta ɗaga kai ta dubi esin wani shago a ƙasan benenmu da ke ta ɗiga a bango. Ta ce wannan daga iska ya fito, ɗan'uwan ruwan sama ne.

Haka na zama mai gadin roba. 'Yan dako suna wucewa da amalanke suna tsokanata, wai ko ruwa aka yanke mana. Kaka ta tace abin da ya taru da farin ƙyalle, ta sa Baba ya zuba a kowane rami har ya rufe farantan, kada ya cika. Kawunan batiran duk sun yi farin gari. Ta aike ni na ɗauko kanwar da ta zo da ita don miya, aka jiƙa, aka goge su da tsohon buroshi, suka yi kumfa, suka fito fes.

Sai caji. Baba ya so ya ari babbar caja a gama a awa biyu. Kaka ta ce a'a, batirin da ya daɗe da ƙishi a hankali ake ba shi. Aka jawo waya daga shagon aka jona ƙaramar cajar motar, murafe a sassauce, tagogi a buɗe. Bayan kowace salla sai ta sauko ta dafa gefen batir da bayan hannu. In ya yi ɗumi ta ce a cire ya huta. Baba, mutumin da ke ba ma'aikata umarni a ofis, yana tsaye hannu a baya yana jiran abin da zan isar masa. Rana ta uku ta kasa kunne ta ji yana ɓararraka a hankali, ta ce a gwada.

Na'urar ta yi minti arba'in ba ta ko canza murya ba. Mama ce ta gaji ta kashe ta, ta ce, "Yalla, a haɗa kaya."

Mun isa daji da la'asar, zafin shekara ya fara karyewa. Kaka ta tuɓe takalmi tun tana matakalar mota. Ba ta yi taku ashirin ba iska ta taso da ƙura, ƙirjinta ya kama, numfashi ya koma fito. Na tsorata ƙwarai. Mama ta shigar da ita, ta sa mata abin shaƙa, Baba ya danna makunni. Na'urar ta tashi. Muka zauna muna saurarenta, fanka na juyawa, har numfashin Kaka ya daidaita. Mama ta ce a juya gida. Kaka ta cire abin daga fuskarta ta ce babu inda za ta, batiranta ba su gaji ba.

Ta fita ta yi Magariba a kan rairayi, ta daɗe a sujada. Da ta sallame Baba ya je ya tsuguna nesa kaɗan, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi mata magana kai tsaye.

"Hajiya, yau kin koya mini aiki. Allah ya saka da alheri."

Kunya ta kama ta, ta ja mayafi, amma ina ganin kumatunta suna motsi. Kwana biyu muka yi a wurin, fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Yanzu batira a rufe suke zuwa, ba murfi ba rami. Rana ke caja su ta faranti a saman mota, waya ce ke gaya maka ko sun cika, in sun mutu a jefar a sayi wasu. Sun fi na da, ba na musu. Amma ba su bar wa tsohuwa wurin da za ta sa hannu ba. Kaka ta rasu shekara biyu bayan komawarta. Wata gwaggona ta Maraɗi ta ce mini duk wanda ya zo yi mata barka da dawowa ya tambaye ta dogayen benaye da kasuwar zinariya, sai ta ce ita ba ta lura da su ba. Daji ta je, a motar surukinta, kuma ita ta ba motar wuta.