Mu Gani a Ƙasa

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, aka kuma rufe iyaka har mazan Matameye suka rasa hanyar zuwa cin rani Kano, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Mu malaman boko ana ce mana mushe, kalmar Faransanci ce da ta shigo Hausa ta tarar da takwararta a gida. Kawuna, yayan mahaifiyata, ba ya gajiya da wannan magana. "Bana mushe ya yi arha," in ji shi. "Ga na daji, ga na lakwal. Na dajin ma ya fi, ko ba komai ana samun fata."

Kawu makaho ne tun yana yaro, agana ce ta tafi da idanunsa. Tufkar igiya ce sana'arsa, shi ne kuma Sarkin Makafi na garin. Amma ba da rawanin yake taƙama ba. Abin taƙamarsa shi ne bai taɓa yarda wani ya riƙe masa bakin sanda ba. Daga gida zuwa kasuwa shi kaɗai yake tafiya, da damin igiya a ka. Yakan bi jikin bango har sanda ta bugi saiwar dogon yaro, ya karkata inda warin daddawa ke tarbarsa, daga nan ƙarar maƙera ta ja shi har rumfarsa. Yakan ce jagora yana kai ka inda shi yake so ne, kai kuma ka yi godiya.

A cikin wannan fari ne gwamnatin soja ta ga ya kamata a miƙar da garin. Za a yi lotisma, wato sabon yankan filaye, a fitar da tituna masu faɗi, a haƙa babban lambatu da zai kwashe ruwan sama. Haƙa hanyar ruwa a shekarar da ba ruwa abu ne da ya kamata a yi wa dariya, sai dai ba wanda ya yi, domin duk wanda ya yi haƙa ana auna masa jar dawar taimako da yamma. Mai jin yunwa ba ya tambayar ina rami ya nufa.

Sojojin lokacin suna son a ce komai da shawarar talakawa aka yi shi. Don haka aka kira taro. An yi shela da baki, kurame ba su ji ba. An liƙa takardar taswira a bango, makafi ba su gani ba. An yi zaman a kan baranda mai matakala, guragu suka tsaya ƙasa cikin rana. Mu kuma da Allah ya bar mana ji da gani da ƙafafu, muka hau, muka ji, muka gani, ba mu fahimci komai ba.

Kaftin ɗin da ke riƙe da garin mutumin yamma ne, da Faransanci yake magana, sai aka ɗauko ni tafinta. Mai awon ƙasa, wani saurayi da aka turo daga Damagaram, ya tsaya gaban taswira da ɗan sanda yana nuni. Yana faɗa ina juyawa: titi zai tashi daga nan ya bi ta nan, lambatu kuma zai ratsa daga nan zuwa nan.

Kawu, wanda ya lallaɓo ya hau matakalar da kansa, ya ɗaga murya. "Mushe, wai ina ne nan?"

Aka yi ƴar dariya aka haɗiye. Na dubi shuɗin layin lambatu da ke kan takarda. Na sunkuya na raɗa masa cewa ramin zai bi ta gindin dogon yaro, tsakanin unguwarsu da kasuwa, kuma zurfinsa zai kai ƙirjin mutum. Sai na ga ya ƙara damƙe sandarsa. Na san abin da yake lissafi. Rami irin wannan mai ido zai tsallake, shi kuwa daga ranar sai da jagora, ko kuma ya zauna gida.

Kaftin ya rufe jawabi da alkawari: ba wanda aikin zai cutar, kowa zai ji daɗinsa. Na juya wannan da Hausa mai kyau, har da ƙarin gishiri. Sai Kawu ya gyara murya ya ce, "Allah ya ja zamanin soja. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa."

A wancan zamanin mutum kan kwana a rufe a kan abin da bai kai wannan ba. Kaftin ya juyo gare ni ya ce, "Me tsohon ya ce?"

Na karanta littattafai da dama a kan aikin tafinta, ba ko ɗaya da ya faɗi yadda ake kai wa mai bindiga karin magana da kare a ciki. Sai na bar karen a gida, na kai sauran. Na ce, "Ranka ya daɗe, cewa ya yi yana so ya gani a ƙasa."

Kaftin ya dubi Kawu, ya dubi takardar bango, ya leƙa guragun da ke zaune cikin rana. Ya ce, "Yana da gaskiya. A sauke masa shi ƙasa. Ranar kasuwa mai zuwa."

Umurnin soja ba ya zuwa da bayani. Ni da mai awo muka zauna muna tambayar juna yadda ake sauke gari ƙasa. Shi ne ya fara cewa a gina shi, ƙarami, yadda hannu zai iya bi. Muka zaɓi inuwar tsamiya da ke gaban masallacin Juma'a, inda ba matakala ba ƙofa. Ruwan kwaɓa ƙasa ya fi ƙarfinmu a shekarar, sai muka riƙa kwasar taɓon bakin rijiya, wanda guga ke zubarwa. Gidaje muka yi da curin laka, bishiyoyi da ƙwallon goruba, kasuwa da fasasshiyar tukunya. Lambatu kuwa muka ja shi da yatsa, rami sosai. Tituna muka shimfiɗa da igiya. Mai awo ya yi aikin nan da zuciya ɗaya, har wandonsa na zuwa ofis ya koma kalar ƙasa. A wannan karon ba mu tsaya ga mai shela ba. Na bi gidajen kurame da kaina, na nuna musu tsamiya da rana da hannu, suka gane kafin in gama.

Ranar taron na ga abin da ban taɓa gani ba. Taswirar da ke ƙasa ba a ganinta da kyau daga tsaye. Guragu suka matso suka zauna daidai, kamar don su aka yi, manyan gari kuwa dole suka tattara riguna suka durƙusa. Kaftin ya ɗan jima a tsaye, sannan shi ma ya tsuguna.

Na kama hannun Kawu na ɗora a kan curin da ke matsayin gidansa. Ya shafa ya ce an yi masa rowar ɗaki. Yatsunsa suka sauka kan titi, suka tsaya. "Wannan ai tufkata ce. Ashe da igiyata za a ɗaure ni." Ya bi ta a hankali, ya wuce goruba, sai yatsansa ya faɗa rami. Ya bar shi a ciki. "To, ranka ya daɗe, ga Sarkin Makafi ya faɗa. Wa zai fitar da shi?"

Wannan ban rage komai ba wajen juyawa. Mai awo ya ce abu mai sauƙi ne, akwai faifan ƙarfe a ajiye, sai a ɗora a kai ya zama gada.

"Ƙarfe?" Wata gurguwa ce ta yi magana, mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin tasha, wadda da hannuwa take tafiya. Ta ɗaga tafukanta sama. "Ɗan nan, ka taɓa dafa ƙarfe da azahar a watan bazara? Ku takalmi gare ku. Ni waɗannan ne takalmana."

Kawu ya ce to a yi ta siminti, amma a yi mata baki mai tudu yadda sanda za ta buga ya san ya iso.

"Tudu a bakin gada? Sarki, kai ka wuce, ni in kwana nan ina hawan dutse?"

"Ke dai ba ki taɓa rasa abin cewa ba. Da bakinki ne ƙafa, da kin riga kowa zuwa Makka."

"Da kunnenka ne ido, da ka ga ba kai kaɗai ne a garin ba."

Suka yi ta yi, jama'a na dariya, Kaftin na tambayata abin da ake cewa ina ba shi wanda ya dace. Wani kurma, tela, da ke kallon hannuwansu tun ɗazu, ya miƙa hannu ya ɗauki guntun fasasshiyar tukunya ya ɗora a kan ramin, ya karya kara biyu ya jera a gefe da gefe, ya bar gaba da baya a buɗe. Kawu ya shafa. Gurguwar ta duba. Tudu a gefe don sanda, hanya a shafe don hannu. Sai Kawu ya ce, "Wanda bai ji gardamar ba shi ya raba ta."

Ba duk abin da aka roƙa aka samu ba. Siminti ya yi kaɗan, gadar hanyar kasuwa da ta masallaci kawai aka yi, sauran unguwanni suka daɗe suna jira. An dai kauce wa dogon yaro, saboda Kawu ya ce in aka sare shi an ƙwaƙule masa ido karo na biyu. Daga baya kuma duk lokacin da za a taɓa wani abu a garin, ko rumfunan kasuwa ko wurin famfo, sai ka ji tsofaffi na cewa a kai shi gindin tsamiya tukuna.

Da aka tashi canza wa Kaftin wurin aiki, na je sallama. Ya miƙo mini hannu, ya ce da Hausa tsantsa, irin ta wanda ya sha nono a cikinta, "Mushe, ina ka kai karen nan?" Ashe mahaifiyarsa Bahausa ce. Ya yi murmushi ya ce, "Bar shi inda yake. Tsohon ya fi ka iya magana, kai kuma ka fi shi son zaman lafiya."

Damina ta dawo a shekarar da ta biyo baya. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ina hanyar lakwal na hango Kawu da daminsa a ka. Lambatu ya cika yana gudu da jan ruwa. Na yi niyyar in ruga in kama hannunsa, sai na tsaya. Sandarsa ta bugi saiwar dogon yaro, ta laluba ta bugi tudun gefe, ya hau. A tsakiyar gadar ya dakata yana sauraren ruwan da ke wucewa ƙarƙashinsa.

"Mushe, na ji takunka, daina laɓewa."

Na ce, "Kawu, yaya ka ga aikin?"

Ya buga simintin da sanda. "Wannan kam na gani," in ji shi. Ya gyara daminsa ya nufi kasuwa.