Mai Facin Taya a Bakin Ƙofar Jirgi

Kawuna mai facin taya ne. Shekara talatin da biyu ya yi a bakin titi, daga shi sai injin iska da bahon ruwan da yake tsoma taya a ciki. Direbobi na ce masa Kunnen Zomo, don tun mota ba ta gama tsayawa ba yake nuna tayar da ke sacewa. Bai yarda da kowa ba. Ko sabuwa fil aka kawo, sai ya kara kunne.

Da 'yarsa ta haihu a wani gari mai nisa, ta aiko masa da tikitin jirgi. Kujerarsa na dab da ƙofa. Jirgi ya lula sama ke nan, Kawu ya karkata kai. Can ya lashi yatsa, ya kai gefen ƙofar.

Mutumin da ke kusa da shi ya harare shi, ya yafito ma'aikaciyar jirgin.

Ta ce, "Baba, me kake nema a jikin ƙofa?"

"'Yata, abin nan naku yana sacewa."

"Ƙarar inji ce. Ɗauke hannunka."

"Inji ba ya tsaki," in ji Kawu.

Ta koma ta yi raɗa da abokin aikinta, suka tsare shi da ido. Ba a jima ba kunnuwa suka toshe, sanyi ya shigo, robobin shaƙar iska suka zubo daga sama. Jirgi ya sunkuyar da kai. Kawu ya ɗaura tasa, ya ga maƙwabcin kujerarsa ya kasa ɗaura tasa, ya ɗaura masa.

Aka sauka lafiya a filin jirgi mafi kusa. Maƙwabcin nan ne ya fara nuna shi ga jami'an tsaro.

Awa huɗu suna juya shi a wani ɗaki mara taga. Wa ya aiko shi? Yaya aka yi ya sani, direban jirgi bai sani ba? Kawu ya shimfiɗa musu hannuwansa a kan tebur, duk sun yi kanta saboda aiki, ya ce su tambayi hannuwan.

Daga baya injiniya ya shigo ya ce robar da ta kewaye ƙofar ce ta tsufa ta tsage. Kawu ya ce a nuna masa ita. Suka ce doka ta hana.

"To, akwai magana," ya ce, ya ɗauki jakarsa.

Washegari ya isa gidan 'yarsa a motar haya. Surukinsa ya tambaye shi hanya. Ya ce lafiya lau, a miƙo masa jaririyar.