Gajeren Iri, Dogon Gini

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina kafin mutanen Ambursa su riga ni.

Zamanin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, jami'a ta kafa ginin sashen noma a bakin fadama, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Bene ne, da ɗakin ajiyar iri a ƙasa. Ni aka ɗauka tafinta, don na yi aji huɗu, kuma na iya gaisuwar Turanci ta safe da ta yamma. Tun daga ranar zama ya gagare ni. Hantsi ina kan keke zuwa Birni, azahar ina Argungu ina yi wa manoma lacca, alƙalami a kunne, takarda kuwa babu.

Malaman suka kawo wata gajeriyar shinkafa mai saurin nuna. Sun ce ta inda ruwa bai wuce gwiwa ba ce. Ni "saurin nuna" kaɗai na riƙe, sauran na bari a kan benen. Na tasa yayana gaba sai ya ba ni gonar gado, can cikin ƙwaryar fadama, wadda gidanmu duka ke ci daga gare ta. Ya ce irin kakanninmu mai bin ruwa ne, kogi na tashi yana tashi. Na ce wannan zancen marasa boko ne. Ya raba gonar biyu, na shuka gajeriyar a rabina, shi ya shuka irin kakanni a nasa.

Ruwa ya zo da ƙarfinsa. Kullum ina cikin kwalekwale ina leƙen ƙasa, in koma gida, in kasa zama, in sake dawowa. Tawa ta nutse ko sallama babu, tasa na kaɗa kai bisa ruwa. Ginin ma ruwa ya shige shi ya yi zaman baƙunta, har bango ya tsage. Da rani aka kawo katafila, sashen aka mai da shi Sakkwato. Tagar ofishinmu tana ɗakin kajin wani a Augie.

Shekarar nan daga rumbun yayana iyalina suka ci. Ranar rusau muna tsaye tare, na gyara murya na ce ai ilimi bai yi ƙarya ba, ruwan ne ya wuce ƙa'ida.

Ko dubana bai yi ba.

"Ginin ma da yaf fi shinkahwarka tsawo ga shi kwance. Kai dai ci tuwo, malam."