Matar Da Ta Ce Hoto Ɗaya Shaida Ɗaya Ne

Kafin a ɗaga ƙarfen shingen kan iyaka, kafin motar farko ta iso daga Maraɗi, Malama Salmatu ta riga ta share ɗakin shan magani, ta tafasa ruwa, ta jera benci biyu a gindin dalbejiya. Shekara ashirin da shida ina ganin haka daga rumfar 'yan dako, inda nake shugabanci. Direba mai ciwon ido, mai goyon da zazzaɓi ya kama a layin duwan, wato kwastan, makiyayin da kunama ta harba, duk wurinta suke zuwa. Ba ta da yawan fara'a, kuma ba ta sallamar mutum da duba ɗaya. In ta auna zafin jiki sai ta ce a zauna a huta, ta sake aunawa. Direbobi suka laƙaba mata Maimaita, ita kuwa ko a jikinta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni ba mutumin yabo ba ne, 'ya'yana za su shaida, amma akwai maganar da in na shiga kabari da ita na ci amana.

Shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a, sanƙarau ya shigo mana da bazara. Ya kama ɗiyata Mutmainna tana 'yar shekara goma sha biyar, aji huɗu a sakandare. Allah ya tashe ta, sai dai ta tashi shiru-shiru. Bayan wata huɗu wasu likitoci masu bincike suka zo daga wani babban asibiti na nesa da wata na'ura. Hula ce mai wayoyi, a sa wa mutum a kai, a zaunar da shi gaban allo irin na talabijin, a riƙa nuna mishi fuskoki: mai fushi, mai tsoro, mai dariya. Na'urar sai ta zana hoton ƙwaƙwalwa, inda ya motsa ja, inda bai motsa ba shuɗi. So suke su gane ko ciwon ya ɓata wa matasa wurin da ke gane fuska. Malama Salmatu aka sa ta tara musu yara daga Gangara da Farfaru da Bugaje, ta kuma yi musu tafinta.

Ni na kai Mutmainna da kaina, na ce ba zan bar ɗiyata a ɗaki da baƙin maza ba. Aka ba ni kujera a gefenta. Hoto ya fito shuɗi kusan duka. Babban likitan, mutum mai ladabi, ya ce ga alama ƙwaƙwalwarta ba ta rarrabe fushi da dariya, kuma masu irin haka karatu yakan gagare su. Ya rubuta takarda ya ba ni. Gani ya kori ji. Nan take na yanke cewa ta gama boko, kuma kafin la'asar labari ya zaga tasha cewa ɗiyar Kalilu ta taɓu. Wannan kalma in ta manne wa yarinya, sabulu ba ya fitar da ita.

Washegari da hantsi Malama Salmatu ta tako rumfarmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta russuna ta gaishe ni, ta roƙi in mayar da yarinyar a sake gwadawa. Na ce mata labarin zuciya a tambayi fuska, yanzu kuwa an wuce fuska an tambayi ƙwaƙwalwar da kanta, me kuma ya rage?

Ta ce, "Baba Kalilu, shari'ar raƙumin nan da aka yi makon jiya, da shaidu nawa alƙali ya yanke hukunci?"

Na ce biyu.

Ta ce, "To hoto ɗaya shaida ɗaya ne. Shi ma ba a tantance shi ba."

Sannan ta faɗa mini abin da ta gani. Kowa a ɗakin, na'ura yake kallo, har da ni. Ita kaɗai ke kallon yarinyar. Fuskokin da aka nuna na manyan maza ne, sun zuro ido. Da aka ce Mutmainna ta dubi allo, ta ce to, ta ɗaga haɓa, amma idonta na kan hannuwanta har aka gama.

Ta ce, "Wa ya hore ta da kada ta ɗaga ido ta dubi namiji, balle a gaban ubanta?"

Ni ne, kuma da tsawa na yi. Kunyar da na shuka da hannuna ita na'ura ta ɗauka, ni kuma na karɓa a matsayin hauka.

Shawo kaina ya fi shawo kan likitocin sauƙi. Kwana huɗu ya rage musu. Adama, mai taya Malama aiki a ɗakin shan maganin, ta ji lokacin da ƙaraminsu ya ce na'ura ba ta ƙarya, Malama ta ce ai ma'auni ma ba ya ƙarya, amma abin da aka ɗora mishi yake aunawa. Shugabanta na wurin aiki ya gargaɗe ta cewa tafinta aka sa ta, ba gyaran likitoci ba. Sai ta fito da ɗan littafinta. Ashe tun ranar farko take rubuta wanda ya karya kumallo da wanda ke azumin Alhamis, wanda ya sha rana a kan babur daga Bugaje, da wanda ya shigo yana rawar jiki don an ce mishi hular tana jan mutum kamar wutar lantarki. Babban likitan ya karanta, ya ce a dawo da yara goma a sake gwada su.

A cikin goman nan, shida hotonsu ya saɓa da na farko. Akwai ma yaron da na farko ya wanke shi, na biyu ya nuna matsala, kuma Malama ba ta ɓoye wa iyayensa ba, ta ce a ci gaba da duba shi. Ba daɗin baki take nema wa kowa ba.

Ranar da za a sake gwada Mutmainna, aka bar ni a gindin dalbejiya. Malama ta zauna a kujerar da na zauna, ta ce mata hotuna ne kawai, ta dube su, in akwai laifi yana wuyanta. Hoto ya fito ja. Na yi hamdala na miƙe zan tafi da ɗiyata, sai Malama ta tare ni, ta ce yanzu shaida ɗaya ya ce eh, ɗaya ya ce a'a, wane alƙali zai tashi a nan? Raina ya ɓaci, amma na dawo da ita bayan kwana biyu. Na uku ya bi bayan na biyu. Likitan ya karɓi takardar farko ya yaga a gabana, ya ce daga yau ba zai sake rubuta wa ɗan kowa irinta a kan gwaji ɗaya ba.

Mutmainna ta koma aji. Yau ita ke koyar da 'yan aji uku a Gangara, kuma an ce tun daga ƙofa take gane yaron da bai ci komai ba.

Malama Salmatu, ke ce kika dubi yarinya lokacin da mu duka muke duban ƙarfe. Ke ce kika ƙi yarda da hoton da ya ba mu tsoro, kika kuma ƙi yarda da wanda ya faranta mana, sai da ya samu ɗan'uwa. Maimaita, sannu maganin gaggawa. Ban san boko ba sai ɗan yaƙi da jahilci, amma na san mudun ƙwarai shi ne wanda in an auna yau aka sake gobe, abu ɗaya yake faɗi.

Ina kira ga jami'in shinge da ke ganin rashin gaskiya a fuskar saurayi don ya sunkuyar da kai, da malamin da ke kiran yaro daƙiƙi daga jarrabawa ɗaya, da iyaye masu saurin yanke hukunci irina, su koyi halin matar nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma ba gwaji ɗaya ba.

Shekara bakwai ina wucewa ta ƙofarki, gaisuwa kawai nake yi, girman kai ya hana ni faɗi. Yau na faɗa a gaban jama'a: na gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya. Tunda kuma na san ba ki karɓar magana sai an maimaita, to na sake godewa.

Kalilu Madugu, rumfar 'yan dako, kan iyakar Jibiya