Shirun da Na Nema Daga Gidan Baba Derek

Duk wadda ta san tana da tsohon maƙwabci da ke zaune shi kaɗai, ta ajiye abin da take yi ta karanta wannan. Ba don nishaɗi na rubuta ba.

Da safen nan 'yan sanda suka ɓalle ƙofar Baba Derek, maƙwabcinmu a unguwar Erdington da ke Birmingham, wanda bango ɗaya ya raba mu. Sun ce ya kwana huɗu da rasuwa.

Kwana huɗu, ina jikin bangon nan ina girki.

Kun san ni, ban yarda da kiɗa a gidana ba, kuma ban canja ba. Shi kuwa makaɗi ne. Shi ne mai ganga na farko a wata ƙungiyar kiɗan rock ta Manchester, wadda duk Baturen da ka faɗa wa sunanta sai ya gyaɗa kai. Ban tambaye shi ba ya ba ni labarin: yadda suka fara a bayan wani shago, da wasansu na farko da makaɗa suka fi 'yan kallo yawa, da yadda suka sallame shi ana gab da sa waƙarsu a rediyo. Sauran suka zaga duniya, suka yi faɗa, suka watse. Shi ya dawo Birmingham yana tuƙa bas.

Bayan ya yi ritaya yana koyar da ganga a cibiyar unguwa. Da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu aka rufe cibiyar, sai ya kwaso gangunan ya jera a falonsa. Kullum da rana bangona sai ya yi ta rawa.

Na same shi na ce, "Malam, muna salla a gidan nan."

Washegari ya zo neman takardar lokutan salla, ya manna ta a gaban gangarsa. Tun daga ranar, azahar na yi za ka ji tsit. Allah ya sani ya fi 'ya'yana kiyaye lokaci.

Shi ke fitar mana da bola in maigidana Baban Hafsa yana asibiti wurin aiki. Shi ya kai ni wurin GP, likitan unguwa, lokacin da ƙafata ta kumbura.

Duk da haka ban gamsu ba. Na sa 'yata Hafsa ta rubuta wa council, wato ƙaramar hukuma, takardar ƙara.

Ta ce, "Mummy, awa ɗaya fa yake yi."

Na ce, "Rubuta."

Wasiƙa ta zo masa. Kiɗa ya tsaya.

Ganinmu na ƙarshe a bakin ƙofa ne. Ya nuna mini jarida, wai tsofaffin abokansa sun shirya, za su yi babban wasa a Manchester. Na ce sun gayyace ka? Ya ce ba ya jin sun san yana da rai.

"Dama ke kaɗai ce mai sauraron da ta rage mini, Hajiya. Ke ma kin kai ni ƙara."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce Allah ya kyauta, na shige gida.

Ma'aikaciyar da ke zuwa duba shi an rage mata ranaku, sai sau ɗaya a mako. Da gangar nan tana nan, ranar farko da ta yi shiru da na san ba lafiya. Amma ni na nemi shirun, da na same shi har godiya na yi wa Allah.

Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a kan Musulmi ba. Na sani, ni ke faɗa wa yara.

Tsakaninsa da Mahaliccinsa ba hurumina ba ne. Ku taya ni roƙon Allah ya yafe mini haƙƙinsa, ya ba 'yar da ya bari haƙuri, kada ya bar tsofaffinmu su mutu ba mai ji.

Na tara yara ɗazu na faɗa musu. Daga gobe, ba mai karyawa a gidana sai an ƙwanƙwasa ƙofofin sauran maƙwabtanmu, dama da hagu, an ji muryarsu da kunne.